Fatawa: Aikin Fatar Ido, Wanne Ne Magani Wanne Ne Kwalliya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata fatar idonta ta sama ta sauko sai ta ɗaga kai sannan take ganin gabanta, kuma gashin idon ɗaya yana sukarta kullum cikin hawaye take. Ni kuma ƙasan idona ya ɗan kumbura yana sa ni kamar tsohuwa, wata mai gyaran jiki ta ce zata mana mu biyu da sauƙi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. To 'yar uwa tambaya biyu kika haɗa, hukuncinsu ba ɗaya bane.

Na Hajiya magani ne, babu wani malami da zai tsaya ja a kai. Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa yai wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Kinga zinare ma da aka hana maza an halatta shi don a maida gaɓa yadda take, balle fatar da ta rufe ma mutum gani. Wannan gashin da yake sukarta kuwa shi yafi damuna, domin yawanci amosanin ido ne da ya daɗe yake jawo fatar ta lanƙwashe ciki, gashin yana goge baƙin idon duk ƙiftawa har ya bar tabo, kuma tabon shi ke makantarwa. Tsofaffinmu sai kaga sun ɗaura 'yar matsefata a wuya suna tsige gashin, kwana kaɗan ya sake fitowa, alhali ƙaramin aiki ne da ake yi da allurar kashe zafi mutum ya koma gida ranar. Jinkirta shi kuskure ne, a ganina ma kai ta asibiti ya zama wajibi a kanku in kuna da hali.

Naki kuma sai mun rarrabe. Ibn Mas'ud ya ruwaito tsinuwa kan masu tsige gira da masu yin wushirya "domin ado, masu canza halittar Allah", yana cikin Bukhari da Muslim, ga kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i. Malamai suka ce wannan ƙaidin na "domin ado" shi ya fitar da mai larura. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Putrajaya, Malesiya, a 2007 ta halatta gyaran aibin da aka haifi mutum dashi ko wanda ƙuna ko haɗari ko ciwo ya jawo, ta hana canza siffar ido lafiyayye don kwaikwayon wasu, ta kuma hana cire tamoji da tiyata ko allura sai in cuta ce. Saboda haka in kumburin naki na shekaru ne da rashin barci, kamar na sa'anninki, ban ga halaccin yanka ba. In kuma ya wuce misali har ana nuna ki, ko likita ya ce alamar ciwo ce, don ciwon ƙoda da na maƙoƙo suna kumbura wajen ido, to an koma babin magani. Ki fara gwaji tukunna.

Mai gyaran jikin nan kuwa a'a, ko na Hajiya da ya halatta bai halatta a hannunta ba. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi likitanci ba a san shi da ilimin likitanci ba to shi ke da lamuni, wato shi zai ɗauki alhakin ɓarnar da ya yi. Fatar ido tana cikin mafi siririyar fata a jiki, in aka yanke fiye da kima ido ya daina rufuwa ko ana barci, ya bushe, gyambo ya fito, kuma abinda aka yanke mayar dashi wahala ne. Allurar Botox ma ta cire tamoji da ake ta yayi, wata uku zuwa huɗu take sakin jiki, in ta zarce inda ba a nufa ba ita kanta saukar da fatar take.

Ku je wajen likitan ido mai rajista, in da hali wanda ya ƙware a tiyatar fatar ido, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitocin koyarwa. Ku faɗa masa in tana da suga ko hawan jini ko tana shan asfirin. A nemi likita mace, in babu namiji amintacce ya yi, ke ko muharraminta kuna wajen. Alwala kuma ta shafa kan bandejin ta wanke sauran fuskar.

Abu ɗaya kar a jira layi dashi: in fatar ta faɗo ne farat ɗaya tare da ciwon kai ko ganin abu biyu-biyu, ranar za a tafi asibiti.

Wallahu a'alam.