Ya tashi daga jinya, amma halinsa ya sauya

Tambaya: Likita, maigidana ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi. Wata 8 ke nan da ya faɗi a hanyar Ɗan Isa, ya bugu a goshi, ya kwana 5 a sume. Yanzu yana takawa da ƙafarsa, amma mutumin da ko tsawa ba ya yi wa yara ya koma mai zafin rai, ga mantuwa. Danginsa na cewa iska ce. Ni kaɗai ke jinya, barci ya gagare ni.

Amsa: Sannu da ɗawainiya ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne linzamin mutum, shi ke danne fushi. In ya bugu, fata takan warke, ƙashi ya haɗe, linzamin kuwa ya saki. Ba da gangan yake yi ba. Sauƙi ya fi zuwa da sauri a wata 6 na farko, amma yana iya ci gaba sannu a hankali har shekara 2, ko fiye.

Ki riƙa gaya masa abu ɗaya a lokaci guda. Hayaniya da gajiya su ke tunzura shi, don haka in kin ga ya fara murtuke fuska, kashe rediyo, janye yara, bar gardama sai ya huce. In ya kai ga duka, kada ki ɓoye. Makullin babur ya zauna hannun yayansa. Tramol kuwa kada ya kusance shi, yana iya tayar da farfaɗiya. In ta taso, a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa cokali a baki, a kai shi asibiti.

Ke ce kika fi damuna. Sauyin hali ya fi shanyewar jiki gajiyar da mai jinya, don maƙwabta suna ganin mutum garau, ba su san yadda aka kwana ba. Har ma'auni gare mu na wannan nauyin, na Zarit, mai tambayoyi 22. Ranar komawa asibiti ki tafi da yayansa ko mahaifiyarsa, su ji bayani daga bakin likita. Addu'a a ci gaba da ita, magani ma haka. Daga nan a raba kwanaki, ko biyu ne a mako wani ya karɓe ki, ki je gidanku ki yi barci. In kuka da rashin cin abinci sun zarce mako 2, ke ma a duba ki.