Amsoshin Tambayoyinku: Hannun Jari a Kamfanin Haƙar Tama

Tambaya daga wani Alhaji mai shagon kayan gini a Zango: "An kawo mini tallar wani sabon kamfanin haƙar tama. Sun ce suna da tan miliyan 500 a cikin ƙasa, kowane tan dalar Amurka 100, wato dukiyar biliyan 50, ga hannun jarinsu da araha. In saya?"

Alhaji, wannan lissafin ne ya fi cin kuɗin mutane a harkar nan. Dalar Amurka 100, wato jika 55 zuwa 60 na sefa, farashin tamar da ta riga ta isa tashar jiragen ruwan Sin ne, a awon da aka cire nauyin danshin da ke jikinta, mai ƙarfe wajen kashi 62 cikin ɗari. Daga ciki za a cire kuɗin haƙa, niƙa da tacewa, jirgin ƙasa, lodi a tasha, jirgin ruwa, harajin gwamnati da biyan bashin banki. Abin da ya saura shi ne ribar. In ƙarfen da ke cikin dutsen bai kai ba, ko yashi da sinadarin fosforas sun yi yawa, mai saye zai ƙara kayar da farashi, don fosforas yana sa ƙarfe ya yi saurin karyewa.

Sannan ka tambaye su, tan miliyan 500 ɗin wane iri ne? Akwai abin da aka ƙiyasta daga ƴan rijiyoyin gwaji, akwai kuma abin da injiniyoyi suka tabbatar za a iya haƙowa a sayar da riba. A takardun Faransanci na farkon ressources ne, na biyun réserves, kuma na biyun kaɗai banki yake ba da bashi a kansa. Kamfanin gaske yana da rahoto bisa sananniyar ƙa'ida, irin su JORC ta Ostareliya ko NI 43-101 ta Kanada, da sunan masanin da ya sa hannu. In babu wannan rahoto, maganar ta ƙare.

Ko da akwai, ga wani ramin. Kamfanin da bai fara sayar da komai ba, da sayar da sabbin hannayen jari yake biyan albashi. Yau hannu miliyan 100 ne, gobe a ƙara miliyan 300 don neman kuɗin aiki, rabonka ya koma rubu'in yadda yake, ba tare da ka sayar da ko ɗaya ba. Farashin kuma ba ya zama wuri guda: ya haura dalar Amurka 180 a 2011, ya faɗo ƙasa da 40 a Disamban 2015, ya wuce 200 a Mayun 2021. A faɗuwar nan ta 2014 zuwa 2015 ce, haɗe da annobar Ebola, kamfanoni biyu masu haƙar tama a Saliyo suka durƙushe, London Mining mai mahaƙar Marampa a 2014 da African Minerals mai mahaƙar Tonkolili a 2015, alhali duka biyun sun riga sun fara fitar da kaya. Manya irin su BHP da Rio Tinto suna haƙo tan guda a Ostareliya su kai bakin teku a kan ƙasa da dalar Amurka 25, shi ya sa suke jure abin da ke kashe ƙanana. Jarin shagonka dai kada ya shiga nan.

Wani ɗalibi daga Mirriya ya ce: "Ai yuraniyom ma a mota ake ɗaukowa daga Arlit. Me zai hana a yi wa tama haka?"

Tambaya mai kyau, ɗana. Yuraniyom kaɗan ne mai tsada, tama kuwa mai yawa ce mai arha. Ɗauki alƙalami. In babbar mota ta ɗauki tan 35, jirgin ruwa guda mai cin tan 180,000 yana buƙatar lodi sama da 5,000. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga can zuwa Kwatano sama da 1,000. Mu ƙaddara sefa 40 ne kuɗin ɗaukar tan guda a kowace kilomita: jika 76 ke nan, a kan kayan da kuɗinsa bai wuce jika 60 ba. Ba mu sa man dawowa ba kaya ba, ba mu sa lalacewar kwalta ba, ga kuma dokar UEMOA ta 2005 da ta ƙayyade nauyin da mota za ta ɗora wa hanya.

Shi ya sa duk inda tama ta yi albarka a Afirka, layin dogo ne ya ɗauke ta. Muritaniya ta shimfiɗa kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu tun 1963. Simandu ta Gini, mai ƙarfe wajen kashi 65, Rio Tinto ya samu izinin bincike a can tun 1997, amma sai ƙarshen 2025 aka fara fitar da kaya, bayan an gina layin dogo na sama da kilomita 600 da sabuwar tashar jiragen ruwa, da ƙarfin kamfanonin Sin. Mu ma an daɗe da sanin akwai tama a yankin Say, tana nan kwance. Layin Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa bai haɗu da Paraku ta Benin ba, inda layin dogo mai zuwa Kwatano yake. Na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an aza harsashinsa a 2021, kuma ko ya kammala, daga Kano zuwa Legas akwai sauran kilomita sama da 1,000. Rufe iyakar Benin daga 2023 ya nuna wani hatsarin daban: kayan ƙasar da ba ta da teku, ƙofarsu na hannun siyasa. Duk kamfanin da ya ce "ana tattaunawa" kan hanya, ka tambayi wa zai biya, an sa hannu ko ba a sa ba, kuma nawa za a caji kowane tan.

Wani daga Magariya ya aiko hoton jan dutse daga gonarsa, yana tambaya miliyan nawa zai nema.

Malam, ba a gane darajar dutse a hoton waya. Jan dutsen marmara ya cika ƙasar nan, kuma a doka ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ko da gonar taka ce. Ka koma ga geronka.

Wata Hajiya daga Birni, wadda maigidanta ya rasu, ta rubuto cikin damuwa: "Na tura jika 300 daga kuɗin marayu ta waya, aka aiko mini da takarda mai hatimi ta WhatsApp. Yanzu sun ce in ƙara jika 50 kafin ribata ta fito."

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Ki kwantar da hankali, ba ke kaɗai aka yi wa haka ba, kuma neman alheri ga yara ne ya kai ki. Amma kada ki ƙara ko tamma. Neman kuɗi kafin a saki riba alamar damfara ce bayyananna. Ki adana rasit, lambobin waya da duk saƙonnin, kada ki goge komai, ki tafi da ɗan'uwa da kika amince da shi ofishin ƴan sanda ko na jandarma tun kafin su rufe layin.

Wannan abu yana ci mini rai, don haka bari in faɗa wa kowa. Hatimi da tambarin tuta, duk wani mai kwamfuta a gefen Kasuwar Dole zai iya ƙirƙira su. A yankinmu, hannun jarin da ake sayar wa jama'a yana bi ta kasuwar BRVM da ke Abijan, ta hannun dillalan da ake kira SGI, waɗanda hukumar AMF-UMOA mai sa ido kan kasuwar ta ba izini. Ana buɗe maka asusu da sunanka da katin shaidarka, kuɗi kuma ba ya shiga lambar wayar wani mutum. Jerin kamfanonin BRVM a buɗe yake, galibinsu bankuna ne, da na sadarwa, da masana'antu. Ƙananan kamfanonin haƙar ma'adinai kuwa a kasuwannin Sidni, Toronto da Landan aka fi rajistar su, inda kowa ke iya karanta rahotonsu kyauta. Wanda ya ce maka kamfaninsa na sirri ne, ko ka yi sauri za a rufe ranar Juma'a, ko ka kawo mutum uku a ƙara maka kaso, ka tashi daga wurin. Abin takaici, mutumin da ba zai sayi rago ba sai ya taɓa ƙirjinsa ya duba haƙori, shi ne zai tura kuɗin adashe na shekara a kan dutsen da bai taɓa gani ba. Kuma hannun jari ba ya da ribar da ake yi wa alƙawari kowane wata, balle na kamfanin da bai loda ko jirgi ɗaya ba. Kuɗin marayu, na aure, na aikin hajji, babu ɗaya da ya dace da wannan harka, ko da kamfanin na gaskiya ne.

Wani direba a tashar Tanut yana so ya ci bashi ya sayi tifa, don an ce za a buɗe mahaƙa.

Ka dakata sai ka riƙe kwangila a rubuce, mai faɗin yawan lodi, farashin kowace tafiya, wa zai zuba man gas, da kwana nawa ake yi kafin a biya. Daga samun izinin bincike zuwa fara haƙa ana iya shafe shekara goma ko fiye, banki kuwa daga watan farko zai fara karɓar nasa. In har ka saya, ka zaɓi tifar da za ta iya biyan bashinta da yashi da tsakuwar gine-ginen gari.