Me ya hana masu shuɗiyar hula murƙushe 'yan tawayen Afirka ta Tsakiya?

Tambaya: Ina da motocin kaya a Ngaundere, suna shiga Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ta Garuwa-Bulai. Sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sun haura shekara goma a can, an kuma sa hannu a yarjejeniyar sulhu, amma har yau direbobina na tsoron hanya. Wane aiki suke yi, kuma me ya hana su gamawa da 'yan tawayen kowa ya huta?

Amsa: Alhaji, Allah ya tsare maka dukiya da direbobi. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya kafa wannan runduna ta masu shuɗiyar hula, mai suna MINUSCA, a Afrilun 2014, bayan ƙawancen 'yan tawayen Seleka, wanda yawancinsa Musulmi ne, ya kifar da Shugaba François Bozizé a Maris 2013, mayaƙan sa-kai na Anti-balaka suka tashi ramuwa har Musulmi masu ɗimbin yawa suka tsallako Kamaru da Chadi. Ba cin yaƙi aka turo ta yi ba. Tana zaune da yardar gwamnati, ba ta ɗaukar ɓangare, kuma ba ta harbi sai don kare kanta ko kare farar hula da sauran aikin da aka ɗora mata. Takan yi faɗa idan ta kama, domin tana cikin waɗanda suka kori 'yan tawaye daga bakin Bangi a Janairun 2021. Amma bin su daji har sai an ga bayansu ba ya cikin aikinta, kuma ba ta da ƙarfinsa. A 2021 aka ɗaga adadinta zuwa sojoji 14,400 da 'yan sanda 3,020, a ƙasar da ta fi Kamaru faɗi, wadda hanyoyinta da dama ba sa biyuwa da damina. Ka cire masu gadin sansani, injiniyoyi da ma'aikatan asibiti, ka ga abin da ya rage na sintiri.

Ainihin aikinta shi ne ta riƙe fili har a cika alkawuran sulhu, kuma mafi nauyinsu kwance ɗamara. Shugaban ƙungiya ne ke miƙa sunayen mayaƙansa, a tantance su. Kowane mayaƙi ya kawo makaminsa, a rubuta lambarsa, a adana ko a lalata. Sai likita ya duba shi, a ba shi katin shaida da ɗan kuɗin guzuri, daga nan a koya masa sana'a, ko a ɗauke shi soja idan ya cika sharuɗɗa.

A kowane mataki akwai inda ake zamba. Shugabanni kan cusa sunayen ƙannensu da yaran gida don kuɗin, su ɓoye mayaƙan gaske. Akan miƙa bindigar toka da ta ci tsatsa, a binne Kalashnikov mai lafiya. Amma babbar ɓaraka a matakin ƙarshe take, kuma a ganinmu nan ne sulhu ke tsayawa ko ya rushe. Kuɗin sojojin rundunar wajibi ne ƙasashen duniya su biya, amma na koyar da sana'a yawanci daga masu ba da tallafi yake fitowa, irin su Bankin Duniya, kuma yakan makara. Saurayin da ya saba karɓar kuɗi kullum a shingen hanya, ko harajin shanu a kara, idan aka bar shi wata da watanni da kati a aljihu babu abin sawa a baka, daji zai koma.

Dubi yarjejeniyar da aka tattauna a Khartum, aka sa wa hannu a Bangi ranar 6 ga Fabrairun 2019 tsakanin gwamnati da ƙungiyoyi 14 masu ɗauke da makamai. An ba madugai irin su Ali Darassa na ƙungiyar UPC da Sidiki Abass na ƙungiyar 3R muƙamai, amma ba su saki yankunan da suke tatsa ba. A Disambar 2020 shida daga cikin ƙungiyoyin suka haɗu a ƙawancen CPC, suka toshe hanya, ɗaruruwan motoci suka yi makonni jibge a Garuwa-Bulai. Sai a Afrilun 2025 Chadi ta shiga tsakani a Njamena, UPC da 3R suka amince su dawo kan sulhu. Maƙwabta na da tasirin da rundunar ba ta da shi, domin makamai da shanu ta kan iyakokinsu suke ratsawa.

Rundunar ma tana da nata laifin. Zargin lalata da mata ya sa aka mayar da sojojin Gabon gida a 2021, kuma mutanen ƙauyuka sun sha kukan cewa sai an gama ɓarna take isowa.

Game da motocinka, duk lokacin da aka shirya ayari mai rakiya daga Beloko, garin bakin iyaka a ɓangaren Afirka ta Tsakiya, direbobinka su jira shi ko da zai ci kwanaki. A duba birki, tayoyi da batir tun a Ngaundere, a tafi da kayan gyara, saboda ayari ba ya daɗewa yana jiran motar da ta lalace. Kada su yi tafiyar dare, kada su bar kwalta don yanke, domin tun 2020 ake samun nakiyoyi binne a hanyoyin ƙasa na arewa maso yammacin ƙasar. Kafin tashi, su tuntuɓi ƙungiyar direbobi a Garuwa-Bulai su ji halin da hanyar Buwar, wadda ake bi zuwa Bangi, ke ciki a ranar.