Digiri don koyar da 'yan rabin aji: ɓata lokaci ne?

Tambaya: Malam, daga wani ƙauye nake a ƙasar Gumel. Na gama sakandare, ina taimakawa a Islamiyyar garinmu da ajin ƙananan yara, kuma raina ya kwanta da aikin. Ina son in yi digiri a kan koyar da su, amma kawuna ya ce wannan raino ne kawai, ba ya buƙatar jami'a. Ta ina zan bi, kuma yana da amfani?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Kawu bai faɗa da mugun nufi ba, haka yawancinmu muka taso muna gani: malamin da aka ga bai da ƙarfi shi ake turawa rabin aji. A ganina wannan yana cikin manyan kura-kuran makarantunmu na karkara. Kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. A shekarun nan harshensa ke buɗewa, yake koyon sauraro da jiran layi da riƙe fensir. Wanda ya shiga aji ɗaya ba tare da waɗannan ba, sai ki same shi a aji huɗu yana kwafar allo bai san me ya rubuta ba.

Gwamnati ma ba ta ɗauke shi raino ba. Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin firamare.

Hanya biyu ce. Ta farko, ki rubuta JAMB ki shiga jami'a, shekara 4. Kina buƙatar kiredit 5, har da Turanci da Lissafi. Sai dai ba kowace jami'a mai tsangayar ilimi ke da wannan fanni ba, don haka ki duba kundin kwasa-kwasan JAMB kafin ki cike fom, kada mai shagon kwamfuta ya zaɓa miki. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da digirin, kuma tana da cibiya a Dutse da Kano.

Ta biyu, wadda na fi ba 'yar karkara shawara, ki fara da NCE, takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, a fannin ECCE, wato kula da ƙananan yara da koyar da su, shekara 3, sannan ki shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Ga Kwalejin Ilimi ta Gumel kusa da ke. Ki je da ƙafarki ki tambayi sashen. Wannan hanya ta fi tsawo, gaskiya ne. Amma NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, da ita SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, za ta iya ɗaukarki, kuma ko aure ko rashin kuɗi ya tsayar da ke, kina da takarda a hannu. Kada ki manta da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, in kin gama.

A can za ki karanta yadda yaro ke girma a jiki da tunani, lafiyarsa da abincinsa, yadda ake gane mai matsalar ji ko gani, da koyarwa ta hanyar wasa. Za ki ji sunan Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta a Rum a 1907, ba don 'ya'yan masu kuɗi ba, don 'ya'yan talakawan unguwa. Ki riƙe wannan, domin wasu na zaton sai da kayan wasan kanti ake wannan aiki. Ƙauyenku cike yake da kayan aiki. Tsakuwar carafke ƙidaya ce. Karan dawa da laka suna horar da yatsun da za su riƙe fensir. Murfin kwalba na koyar da launi da rarrabewa. Gaɗa da tatsuniya kuwa su ne tushen karatu, in dai da Hausar da yaro ya sha a nono aka yi su, ba a tilasta masa rera ABCD daga safe har azahar ba.

Abin da zan roƙe ki shi ne lokacin TP, wato koyarwar gwaji. Ɗalibai da yawa na neman makarantar cikin gari mai fanka. Ke ki nemi ta ƙauye, inda za ki tarar da yara sun ninka 25 ɗin da aka tsara wa malami ɗaya, wasu ba su karya ba, wata da ƙaninta a goye. A nan za ki koyi raba su rukuni-rukuni a kan tabarma, da zama da iyaye mata ki fahimtar da su cewa wasan da suka ga ana yi karatu ne.

Albashin ba yawa, ba zan ɓoye miki ba. Digirin yana buɗe ƙofar shugabancin makaranta, da aikin duba makarantu, da koyarwa a kwaleji in kin ƙara karatu. Shi kuma Kawu, kada ki ja da shi. Ki gayyace shi ajinki na Islamiyya wata ranar Asabar, ki ba shi kujera ya zauna awa ɗaya.