Fidda kai da katan ɗin Indomie

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Zariya, mu tara ne a gida. Akwai katan-katan na Indomie da saura wata guda wa'adinsu ya cika. Wani ɗalibi ya ce mini alkama ce, kuma katan ɗaya ya kai sa'i. Zan iya fidda kai da su?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Wajabcin zakkar kono da lokacinta ba su buƙatar dogon bayani. Sa'i ne a kan kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, kafin a tafi sallar Idi.

Maganar ɗalibin nan kuwa ban yarda da ita ba, duk da na gane lissafinsa. Ƙaramin katan yana da leda 40, kowace giram 70, ya zama kilo 2.8, shi ne ya ga ya yi kusa da sa'i. To, sa'i awo ne na kwano, ba nauyin sikeli ba, kilon da ake faɗa kintace ne a kan hatsi. Ta yaya za a auna taliyar da aka nannaɗe, iska ta cika tsakaninta? Kuma an soya ta da mai kafin a ƙulle, wani ɓangare na nauyin mai ne da gishiri. Cewa asalinta alkama ce ba ya fid da ita. Imamu Malik bai yarda da garin alkama kansa ba a fidda kai, sai Ibnu Habib, ɗaya daga malaman mazhabarsa, ya sassauta, balle abin da aka kwaɓa aka soya. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta lissafa abinci iri tara, ciki har da gero da dawa da shinkafa, ta rataya hukuncin a kan galibin abincin mutanen gari. Indomie ta shiga ɗakin ɗalibi da teburin mai shayi, amma tuwo ne ke riƙe da gidajen Zazzau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Alhaji, shi ne wata gudan nan da ka ambata. Da kayan suna tafiya, da ka tuna da su a zakka? Allah ya hana a nufi maras kyau a ciyar da shi, a aya ta 267 ta Baƙara. Ba zarginka nake ba, kasuwa ta yi nauyi, kowa ya sani. Amma talaka ba wurin sauke asara ba ne.

Auno mudun Annabi 36 na masara ko shinkafa, irin wadda iyalinka ke ci. Katan-katan ɗin kuma ka rage musu farashi, ka faɗa wa mai saye ranar da ke jiki, ɓoye ta algus ne. Ko ka raba su sadaka tun yanzu ga masu buɗa-baki, da sauran kwanakinsu. In wa'adin ya wuce, ko ka ji man ya canza wari, kada ka ba kowa, ko almajiri.

Wallahu a'alam.