Direban tasi da karen gida a Kumasi: amsa ga ɗan'uwa a Kano

Assalamu alaikum, Malam. Saƙonka ya iso. Ka ce ɗanka ya sami aiki a Kumasi, ya kama haya a bayan gari, ya ajiye karen gadi, ga shi ba shi da mota, kuma an gaya maka direbobin tasi na nan ba su da ladabi, balle a ce mutum ya zo musu da kare. Mu da muke zaune a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi na nan, cikinmu akwai direbobi, akwai masu motocin haya, akwai masu aikin dabbobi, ga abin da muke gani: yawancin rigimar da ake yi da direba a kan kare, tun kafin a buɗe ƙofar mota ake haddasa ta, kuma tun a nan ake iya kashe ta.

Ka fara sanin yadda tasi take a nan. Za ka gane ta da fentin ruwan ɗorawa a kusurwoyinta huɗu, lambarta ma ruwan ɗorawa ce, saɓanin motar gida mai farar lamba. Hawa iri biyu ne. Akwai ta lodi, mai bin hanya ɗaya, mutum huɗu, ɗaya a gaba uku a baya, kuɗinta sananne ne domin ƙungiyoyin direbobi irin su GPRTU ne suke zama da gwamnati a yanke shi. Akwai kuma wadda kuke ce wa shata, a nan dirofin ake cewa: kai kaɗai, ta kai ka har ƙofar gida. Ita wannan ba ta da mita, ba ta da tsayayyen farashi, ciniki ne tsakaninka da direba. Mai kare ba shi da rabo a ta lodi, haka ma trotro, wato ƙananan bas-bas ɗin da ke cike da jama'a. Ko direba ya yarda, fasinjoji ba za su yarda ba, kuma suna da gaskiya, don sun biya kuɗin kujerarsu.

Batun rashin ladabi kuwa, ba za mu ce babu ba. Akwai wanda zai canza farashi a tsakiyar hanya, akwai mai cewa ba shi da canji da gangan, akwai mai zagi idan ka taya ƙasa da abin da yake so. Amma ka san halin da mutumin yake ciki kafin ka yanke masa hukunci. Da yawansu motar ba tasu ba ce. Kullum akwai kuɗin da zai kai wa mai mota da dare, irin balas ɗin da 'yan adaidaita sahu suke kaiwa a wurinku, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wasu kuma biya suke yi mako-mako har motar ta zama tasu, in suka gaza a karɓe. Mai daga aljihunsu yake. A 2022 tsadar kaya ta kai inda a watan Disamba hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuɗin mota ya yi ta tashi, fasinja da direba suka yi ta faɗa a kan ƙarin da ba ɗayansu ne ya kawo shi ba, kuma har yanzu wannan ɗacin bai gama fita daga bakin mutane ba. Ƙara da cunkoson Kejetia da shataletalen Suame da mahaɗar Anloga, inda tafiyar minti goma kan cinye awa guda, mai yana ƙonewa. Mutumin da ya wuni a haka ba ya da doguwar magana.

Akwai kuma abin da baƙo yake yi bai sani ba. Asantawa, 'yan asalin garin nan, suna ɗaukar gaisuwa da nauyi. Ka leƙa taga ka faɗi sunan unguwa kai tsaye ba ka gaisa ba, a idonsa kai ne ka fara rashin kunya. Haka miƙa kuɗi ko nuna hanya da hannun hagu. Ɗanka ya gaisa tukuna, ya kira dattijo da Wofa, wato kawu, ya kira tsaransa da Masa. In direban ɗan zango ne, sallama da "sannu da aiki, maigida" sun wadatar, za su ci gaba da Hausa. A yanke kuɗi a tsaye kafin a shiga, a faɗi ainihin wurin da za a sauka, a faɗi ko za a jira a dawo, sannan a riƙe ƙananan kuɗi ko a tambaya tun farko in yana karɓar kuɗi ta waya.

To, kare. A cikin tsofaffin zangunanmu, Aboabo da Asawase da Sawaba da Alaba, da wuya ka ga mai kiwon kare. Gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya, iyali goma suna alwala a famfo ɗaya, ana shimfiɗa tabarmar salla a ƙofar ɗaki. Tumaki da kaji da tantabaru ne dabbobinmu. Waɗanda suka yi gini a sababbin unguwanni na bayan gari, inda gidaje suke nesa da juna, su ne suke ajiye kare don gadi, kuma ba a ganinsu da laifi, tunda hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da na tsaron gida. Mu da ku mazhabarmu ɗaya, ta Imamu Malik, wadda take ganin kare mai rai ba najasa ba ne har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai kuwa bin umarni ne. A mazhabar Shafi'i najasa ce mai kauri. Duk da haka kada ɗanka ya tsaya yi wa direba fatawa a bakin titi. Mutumin da ya taso yana ƙyamar kare, kuma da kayan jikinsa zai tsaya ya yi azahar a masallacin tasha, ba da hujja za ka canza masa zuciya cikin minti biyu ba. In ya ce a'a, a yi masa godiya a nemi wani.

Kada kuma a ɗauka direban da ba Musulmi ba zai karɓa da gudu. Maƙwabtanmu Kiristoci sun fi mu kiwon kare, amma a waje yake kwana, ba a kan kujera ba. Abin da direba yake tsoro ɗaya ne ko wane addini yake yi: kujerar baya ita ce jarinsa. Yawancin motocin ƙanana ne, su Kia Picanto da Hyundai i10 da Daewoo Matiz, kujerunsu na yadi. Gashi yana maƙalewa, yawu da amai suna shiga soso, wari yana kwana biyu bai fita ba, farce yana yaga. Mace ta fito da farin leshi za ta biki, ta buɗe ƙofa ta ji ƙarni, ta rufe ta tsayar da ta baya. Wannan asarar ce yake lissafawa sa'ad da ya ɗaure fuska.

Saboda haka kuskure mafi girma shi ne a tsaya a titi da kare a hannu ana tsayar da mota. Mafi muni kuma a ɓoye shi sai an gama ciniki a fito da shi. Hanyar da take aiki ita ce ɗanka ya je tashar tasi ta unguwarsu shi kaɗai, tun ana gobe tafiya, ya gaida shugaban tasha, ya ce yana da kare mai nauyin kaza, zai kai shi allura, yana da keji da shimfiɗa, wa zai ɗauka? Kusan kowace tasha ba a rasa direban da shi ma yana da kare a gida. In an dace da shi, a karɓi lambarsa a riƙe shi, a ƙara masa wani abu a kan kuɗin dirofin da aka saba ba tare da ya roƙa ba, kuma a faɗa masa tun farko cewa in an ɓata kujera kuɗin wanki a wuyan mai kare yake. Uber da Bolt suna aiki a Kumasi, amma direban yana da damar ƙi. Da zarar ya karɓi kira, a buga masa a gaya masa akwai kare, kafin ya ƙona mai ya zo. Pragya, wato adaidaita sahunmu, a buɗe take ta ko'ina, kare yana iya dira cikin titi, don haka sai dai ƙarami a cikin keji.

Shirin karen shi ne rabin aikin. Kada a ba shi abinci awa uku zuwa huɗu kafin tafiya, domin jijjigar mota a kan cikakken ciki ita take kawo amai, musamman ga kwikwiyo. Ruwa kam a ba shi. A zagaya da shi minti goma sha biyar ya yi fitsari da kashi. A yi masa wanka tun jiya ba yau ba, don jiƙaƙƙen kare ya fi wari, a taje shi a cire gashin da ya saki, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu a cire kaska. Keji ya zama zai iya miƙewa tsaye a ciki, ya juya, ya kwanta. Babban kare irin Boerboel, wanda kejinsa ba zai shiga ƙaramar mota ba, a shimfiɗa leda mai kauri a kujera da ƙasa, a ɗora tsohon bargo a kai, mai shi ya zauna kusa da shi a baya, ya riƙe igiya gajere, karen yana bayan kujerar fasinja, nesa da ƙeyar direba. Takunkumi dole ne, amma irin mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki. Na yadi mai ɗaure baki gam haɗari ne a zafin nan, domin da haki kare yake fitar da zafin jikinsa, ba da gumi ba. A riƙa saka masa takunkumin a gida na ɗan lokaci kwanaki kafin tafiya har ya saba, in ba haka ba a cikin mota zai yi ta kokawa da shi.

Wasu direbobi za su ce a saka shi a but. Kada ɗanka ya yarda ko da kyauta ne. Babu iska, ƙarfe yana ɗaukar rana, hayaƙin salansa yana iya shiga, kuma motoci da yawa a nan da gas suke aiki, tukunyar tana cikin but ɗin. Dabba amana ce, kuma wanda ya ajiye ta don ta tsare masa gida za a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Mun fi son a fasa tafiyar a kan a yi haka.

Zafi ne yake kashe kare a mota, ba nisa ba. A Fabrairu da Maris rana a Kumasi tana haura digiri 33, yawancin tasi kuma ba su kunna na'urar sanyi. A fita da sassafe kafin cunkoso. A sauke gilashi kamar faɗin yatsu uku, iska ta shiga amma kai ba zai fita ba. A riƙe ledar ruwa biyu ko uku, kowace rabin lita ce, da ɗan kwano. Kada a bar shi a rufaffiyar mota ko na minti biyar. In ya fara haki mai tsanani, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, a tsaya nan take a inuwa, a zuba masa ruwa a kan cikinsa da hammatarsa, a yi masa fifita, a ba shi kaɗan-kaɗan ya sha, a wuce asibiti. Kada kuma a ba shi maganin mutane don ya yi barci ko ya natsu. Wasu magungunan ciwon jiki da muke sha, irin ibuprofen, suna lalata wa kare ciki da ƙoda. Maganin hana amai ko na kwantar da hankali likitan dabbobi ne yake auna shi da nauyin karen.

Katin allura ya kasance a aljihu kullum. Ciwon haukan kare yana nan a Ghana kamar yadda yake a Najeriya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin ɗari na mutanen da suke kamuwa daga kare suke samu. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Amakom, jami'ar KNUST ma tana da makarantar likitan dabbobi. Nuna wa direba katin yana sanyaya masa rai fiye da rantsuwar cewa ba ya cizo. In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar, a kai shi asibiti a ranar, mai kare ya ɗauki nauyin magani, a kuma tsare karen ana lura da shi kwana goma.

In duk da haka direba ya yi wulaƙanci, ya ƙara kuɗi a hanya ko ya ce a sauka a inda ba a yi da shi ba, ɗanka kada ya ɗaga murya, domin kare yana jin tashin hankalin maigidansa kuma yana iya kai cizo. Ya biya abin da aka yi ciniki, ya rubuta lambar motar, ya kai ƙara wurin shugaban tashar. Nan ne amfanin ɗaukar motar tasha yake: shugabanni suna iya cin direba tara ko su hana shi lodi na wasu kwanaki, abin da ba za ka samu ba a wurin wanda ka tsayar a titi. Na manhaja kuma a cikin manhajar ake kai ƙararsa. In abin ya kai ga barazana, lambar gaggawa 112 ce.

Ka kuma tambaya ko za ka iya aiko masa da wani karen daga Kano ta mota. Hanyar tana ratsa ƙasashen Binin da Togo kafin Aflao, garin iyakar Ghana, kuma ana neman shaidar allurar haukan kare, da takardar lafiya daga likitan gwamnati, da izinin shigowa daga hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Ghana. Tafiya ce ta kwanaki cikin zafi, da dogon jira a kowace iyaka. Shawararmu ya nemi kwikwiyo a nan Kumasi ta hannun likitan da yake yi wa na farkon allura.