Macijin tagulla da maraƙin zinariya: amsa ga ɗan'uwanmu

Salama gare ka ɗan'uwa. Ka tambaya, in Allah ya hana Isra'ilawa bauta wa siffar dabba, don me shi da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji na tagulla, mutane su dube shi su warke? Ka ce abin ya yi maka kama da tufka da warwara. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a ikkilisiyarmu, kuma da wuya a gama aji ba tare da wani ya kawo wannan tambaya ba. Ni ma ta taɓa hana ni barci.

Mu fara da maraƙin. A Fitowa 32, da Musa ya daɗe a kan Dutsen Sina'i, jama'a suka matsa wa Haruna, ya tattara 'yan kunnensu na zinariya ya narkar, ya yi ɗan maraƙi. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi yana aya ta 5: Haruna ya gina bagade, ya yi shelar cewa gobe idi ne ga Ubangiji. Wato a ganinsu ba su bar Allah ba, sun dai samo masa jiki ne da ido zai gani. Ka tuna daga Masar suka fito, ƙasar da ake girmama bijimin Afis a birnin Memfis, kuma Kan'aniyawa ma suna kwatanta allolinsu da bijimi. Musa ya ƙone maraƙin, ya niƙe shi gari, ya barbaɗa a ruwa ya sa suka sha, kuma mutum wajen 3,000 suka mutu a ranar. Zabura 106 ta faɗi abin da ya fi sosa mini rai: sun musanya darajarsu da siffar sa mai cin ciyawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san nauyin wannan magana.

Yerobowam, sarkin Isra'ila ta arewa, ya maimaita laifin bayan da mulkin Isra'ila ya rabu biyu, ya kafa maraƙi ɗaya a Betel, ɗaya a Dan, don kada mutanensa su riƙa zuwa Urushalima zuciyarsu ta koma gidan Dawuda. Nasa har da lissafin sarauta a ciki.

To, macijin fa? A Ƙidaya 21 ba a ce su durƙusa masa ba, ba a ce su kai masa hadaya ba. Macizai ne suka sassare su saboda gunaguninsu, suka tuba, aka ce wanda aka sara ya ɗaga ido ya duba. Maganin yana wurin wanda ya ba da umarnin. Kuma siffar dabba kanta ba ita ce haramun ba, domin a haikalin Sulemanu akwai wata babbar kwarniyar ruwa da take zaune a kan bijimai 12 na tagulla, ba annabin da ya tsine musu. Abin da Maimaitawar Shari'a 4 ta hana shi ne yin siffar dabba ko tsuntsu ko kifi a matsayin gunki.

Amma labarin bai ƙare a jeji ba, kuma nan ne amsarka take. Isra'ilawa sun adana macijin ɗaruruwan shekaru, har suka shiga ƙona masa turare, ana kiransa Nehushtan. Sarki Hezekiya ya hau gadon sarauta, ya farfashe shi. Abin da Musa ya yi da hannunsa fa, bisa umarnin Allah! Littafin 2 Sarakuna bai zargi Hezekiya ba, yabonsa ma ya yi, ya ce ba a yi sarkin Yahuza mai dogara ga Ubangiji kamarsa ba.

Na fahimci wannan ne a gidanmu, ba a aji ba. Mahaifiyata tana da wata 'yar kwalbar mai da aka yi addu'a a kanta a wani taro. Wata rana zazzaɓi ya kama ƙanena da dare, aka nemi kwalbar sama da ƙasa aka rasa. Mama, wadda ita ce ta koya mana addu'a tun muna goye, ta zauna tana kuka tana cewa shi ke nan. Ban yi mata wa'azi ba, ba hurumina ba ne. Mun kai yaron asibiti, ya samu sauƙi. Bayan kwana biyu na ce, Mama, ki bari in karanta miki wani wuri. Na karanta mata Ƙidaya 21, sannan 2 Sarakuna 18:4. Ta yi shiru mai tsawo, sai ta ce in sake karanta na biyun. Da kwalbar ta fito daga bayan akwati, da hannunta ta juye man a cikin miya.